Ƙudajen Tukunyar Kaka

Jiya na taɓa tukunyar fulawa a falon 'yata, sai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka tashi daga ƙasar. Na san su. Na san su tun ina 'yar shekara tara a gidanmu na unguwar Nima, kuma ina da laifi a kansu.

Kakata, mahaifiyar babana, tana da ɗoɗɗoya a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa kusa da tagarta. Daga arewa ta ƙullo irin a bakin zaninta. Idan damina ta sauka kwatoci suka cika, ɗakinta kaɗai ke ƙamshi a gidan.

Mu yara kuwa kullum muna wanke allo, kuma malam ya hana mu zubar da ruwan inda ƙafa ke takawa. Gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, babu inda ƙafa ba ta takawa. Shan ruwan kuma ba na so. Sai na riƙa juye shi a tukunyar kaka idan ta shiga wanka, har na koya wa ƙannena. Allo biyar, safe da yamma.

Ƙasar ta daina bushewa. Ganye ya yi rawaya, ƙudajen suka cika ɗakin, suna faɗawa cikin shayin babana.

Akwai wata mai koko, Badagomba, da ke haya a ɗakin da ke daura da na kaka, ita da 'yarta. Tukwanen gasararta suna bakin ƙofa. Babana ya ce tsamin gasarar ne ya jawo ƙwarin, ya ce ta nemi wani ɗakin kafin ƙarshen wata. Ina tsaye ya faɗa.

"Baba, ƙudana manya ne, wannan ba nawa ba," in ji ta da irin Hausarta. Mutanen gida suka yi dariya. Ni ma na yi.

Kaka ba ta yi ba. Ta tura yatsa cikin tukunyar, ya fito baƙi. Ta sunsuna. Duk wanda ya taɓa dafa tawada ya san warin ƙaro. Ta dube ni sau ɗaya, ta goge yatsan a zani, sannan ta ce wa babana, "Ɗan nan, ba ni mako biyu."

Ta kwashe ƙasar saman da cokali, ta nuna mana 'yan tsutsotsi farare a ciki. Ta ce ƙudajen da ke tashi kwanansu kaɗan ne, gidansu yana cikin danshi. Ta sa aka ɗebo yashi daga bakin teku, ta wanke shi sau uku don gishiri, ta shanya, ta rufe ƙasar da shi. Ta shafa zuma a sakaina ta jingina da tukunyar, masu tashi suna mannewa. Ruwa kuwa ta hana gaba ɗaya, sai ranar da ta tura yatsa gaɓa biyu ya fito a bushe, ranar ma a tasa take zubawa ta ɗora tukunyar a kai ta sha ta ƙasa.

Abin da har yau nake jinjina mata shi ne inda ta ajiye tukunyar. Ta fito da ita daga ɗaki, ta dire ta a tsakiyar tukwanen gasarar mai koko, inda kowa zai gani. Mu kuma ta ajiye mana kasko cike da yashi a bayan ɗakinta, ta ce nan ne wurin ruwan allo daga yau.

Kafin mako biyun su cika ƙudajen sun ƙare, ga gasara tana ta tsami a gefensu. Babana ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce wa mai koko ta yi haƙuri ta zauna. Ta zauna har ta aurar da 'yarta a gidan. Duk shekarun nan ina shan kokonta, ban taɓa buɗe baki ba.

Sai da na yi jikoki na nemi 'yar mai kokon a unguwar Maamobi, lokacin uwar ta daɗe da rasuwa. Na faɗa mata komai, na roƙi gafara. Ta yi dariya har da tari.

"Hajiya, ai Mma tana ganinki kowace safiya, tana dama koko kina juye ruwan allonki. Na ce ta faɗa, ta ce babanki yana da zafin hannu."

Yau gidan namu ya zama shaguna, kuma abu kaɗan ke sa a kori ɗan haya. Ni dai mata biyu suka rufa mini asiri, ɗaya kakata ce, ɗayar kuwa ɗakinta ne ke shirin kuɓuce mata. Allah ya jiƙansu, ni kuma ya yafe mini dariyar nan.