Karsanar da Fousséni ya ba da a kan kwalbar hoto

Fousséni ɗan Maigida Garuba ne, dillalin shanu na unguwar Didaouré a garin Sokodé, kuma tun yana ƙarami aka gane ba a haife shi don kara ba, wato kasuwar shanu. A kai shi cikin shanu, sai a tsince shi wajen mai gyaran rediyo ya zuba wa wayoyi ido. An yi dukan, an yi rarrashin, duk a banza. Taurin kan ma gado ya yi, don uban nasa idan ya ce a'a, ko limamin unguwa sai dai ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Da ya koyi gyara ya ƙware, sai ya sauka Lome ya dawo da akwatin wasa mai tsayin mutum, irin wanda ake tsayawa a gabansa ana murza sanda ana tuƙa mota a cikin gilashi. Uban ya ba shi aron zauren gida, yana gunaguni. Abin alfaharin Fousséni shi ne kwalbar hoton akwatin, wato babban gilashin nan mai dogon wuya da ke haska wasan. Hoto a cikinta layi-layi yake fita. Wata kwalbar layukanta kaɗan ne masu kauri, wata kuma masu yawa ne sirara, kuma kowane wasa da irin wadda yake so. Tasa mai sirara ce, har lambar motar cikin wasan ana karantawa. Idan aka yaba sai ya hau hura hanci kamar shi ya ƙera ta.

Sai ƙasa ta rikice. Aka shiga kiran demokaraɗiyya, aka yi ta zanga-zanga, a ƙarshen 1992 kuma aka tsunduma yajin aikin da ya ƙi ƙarewa. Samarin da ba makaranta ba aiki suka mai da zauren wurin zama, ana wasa ana gardamar siyasa. Ana cikin haka wutar lantarki ta yi wata irin fizga, kwalbar ta yi ƙara ta mutu. Lome kuwa ba ta shiguwa, balle a samo wata.

Maigida Garuba ko jaje bai yi ba. Ya ce, "To, wasa ya ƙare. Ka kwashe tarkacenka daga zaurena, ka bi motar shanu kamar 'yan'uwanka."

"Baba, a ba ni zuwa Juma'a," in ji Fousséni. "In bai tashi ba, sai a yi magana."

Ya ji labarin wani Alidu a garin Dapaong can arewa, mai shigo da tsofaffin kayan wuta daga Burkina, wai yana da kwalba har da kayan bayanta. Ban da akwatin, abin da Fousséni ya mallaka a duniya shi ne karsana ɗaya, jikar maraƙar da uban ya ba shi ranar suna, yadda ake yi wa kowane ɗa a gidansu. Irin wannan dabba ba a rabuwa da ita sai a kan aure ko babbar lalura. Shi kuwa ya ɗora ta a mota ya nufi arewa, bai gaya wa kowa ba.

A Dapaong ya tarar babu wuta, ba halin kunna kwalbar a gani. To, ka ji inda jinin dillanci ya cuce shi. Mutumin da ya tsere wa kara sai ga shi yana duba kwalba yadda ubansa ke duba bijimi. Ya auna faɗinta da taƙi, daidai da tasa. Ya shafa wuyanta, babu tsaga. Ya ƙwanƙwasa ta, ya ɗaga ya ji nauyi. Alidu ya ce, "Malam, ni dai ban san cikinta ba, yadda ka gan ta haka na same ta." Fousséni ya ce ya gani ya yarda. Aka tafa, aka yi musaya.

A cinyarsa ya riƙo ta har Sokodé, naɗe cikin bargo. A kowane shinge sai an sa shi ya kwance, sojoji suna tambaya ko wani abin fashewa ne, shi kuma yana roƙon kada a taɓa wuyan. Ya iso da ita lafiya, ya haɗa, samari suka cika zauren, ya kunna.

Hoton ya fito a yayyage, a karkace, yana gudu gefe, kwalbar na wani siririn fito mai shiga haƙori. Ya murɗa duk abin da ke murɗuwa, a banza. Mai layuka masu kauri ce. Girma ɗaya, wuya ɗaya, amma ba za ta taɓa ɗaukar wasansa ba. Fousséni ya kasa ɗaga ido ya dubi kowa.

Ran Juma'a bayan masallaci uban ya shigo zauren. Labarin karsana ya riga ya kai masa.

"Dabbar sunanka ka bayar a kan wannan?"

"Ita na bayar, Baba."

"To, ga sanda can a jingine. Ko ka ɗauke ta ka bi shanu, ko ka ɗauki akwatinka. In akwatin ka ɗauka, kada ka ƙara kirana uba."

Fousséni ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na yi kuskure a kan kwalba, wannan na yarda. Amma ban yi kuskure a kan sana'ata ba. Ba zan bi shanu ba."

Ya nemo amalanke ya ɗora akwatin da ko aiki ba ya yi, ya tura shi da rana tsaka ta tsakiyar Didaouré, mutane suna leƙowa, har bakin tasha inda ya kafa rumfa. Daga baya ya ciro allon wayoyin da wasansa mai kyau ke ciki ya ba wani mutumin garin Kambolé, ya karɓi na wani tsohon wasa da ya dace da kwalbar. Hoton ya zauna, da layukansa ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya yi ƙorafi sai ya ce masa ga hanya nan. Da wannan akwatin ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya.

Maigida Garuba ya daɗe a duniya bayan haka, kuma hanyarsa ta zuwa kara ta gaban rumfar take. Kullum Fousséni yakan fito ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana." Tsohon bai taɓa amsawa ba har ya koma ga Allah. Shi kuma bai taɓa fasa gaisuwar ba, bai kuma taɓa cewa ya tuba ba.