Malam Amos da Madubin Acaɓa

Shekara goma sha ɗaya muna zama tebur ɗaya da Malam Amos Ɗantala a ofishin malamai, ni ina koyar da labarin ƙasa, shi zane-zane. Ban taɓa ajiye littafi a gefensa na ɗauke shi babu tabon gawayi ba. Na yi mita har na gaji, shi dai ya ce, "Yi haƙuri, Malama Rukayya," gobe ya sake.

Mutumin kudancin Kaduna ne. Ya zo Suleja yana saurayi, ya fara da rubuta allunan shaguna a bakin titin Madalla, yana yi yana karatu har ya samu takardar malanta. Yana haya a unguwar Iku da matarsa Rahila da 'ya'ya uku.

Abin da aka san shi da shi a makarantarmu buhun madubai ne. Da yawan 'yan acaɓa in suka sayi sabon babur sai su kwance madubin, wai yana hana su kutsawa cikin cunkoso. Malam Amos ya yi ta bin kanikawa yana karɓa har ya tara sun fi arba'in. Duk zangon farko yakan raba wa 'yan aji huɗu, kowa ya zana kansa. Madubin ba ya ɗaukar fuska duka, don haka sai ka zana ido ɗaya da rabin hanci, ka matsa, ka zana baki, daga baya ka haɗa yadda ya zo maka. Da gawayi ake yi, da ruwan zoɓo, da lalle, da jar ƙasa. Wanda gidansu ba a son zanen fuska, ya zana hannunsa.

Dokarsa ɗaya ce, ban da hoton waya. "Waya ƙarya take muku," yakan ce. "Ta goge ƙuraje, ta ƙara haske. Abin da ka gani shi za ka zana." Kuma shi yake farawa. Ya tsaya gaban allo da madubi a hannu, ya zana manyan kunnuwansa yana tsokanar kansa, yara su yi dariya, tsoro ya sake su.

Da damunar bara ya wayi gari gefen fuskarsa na hagu ya saki. Baki ya karkace, ido ba ya rufuwa sosai. Likita ya ce jijiya ce, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Bayan sati shida ya dawo aiki sanye da takunkumi, yana magana ƙasa-ƙasa. Na haɗu da Rahila a kasuwa, ta ce min ya sa ta cire madubin ɗakinsu.

Ranar wata Litinin ya turo min takarda a kan tebur.

"Malama, don Allah ki miƙa wa firinsifal. Ba na son dogon bayani."

Ba a manne take ba, na karanta, kuma ban ji kunya ba. Roƙo ne a mayar da shi laburare, ya bar shiga aji. Shi kaɗai ne malamin zane-zane da muke da shi, in ya bari darasin ya mutu ke nan. Raina ya ɓaci. Na ji tausayinsa, amma haushi ya fi yawa: mutumin da ya shekara goma yana hana yara ɓoye ƙuraje. Na jefa takardar a jaka. Sau biyu yana tambayata, ina ce masa firinsifal ya tafi taro Minna. Na farkon ne kawai gaskiya.

Haka ranar madubai ta riske shi. Ba ni da aji, na tsaya ta taga. Ya raba madubai, ya yi bayani a gurguje, ya koma kujera ya zauna. Ba wanda ya taɓa gawayi.

Wata yarinya, Godiya, ta ɗaga hannu. "Sa, yayata ta ce kai kake farawa."

"Bana babu wannan. Ku fara."

"To Sa, za mu jira ka."

Ba rashin kunya ta yi ba, haka kawai ta faɗa. Ya daɗe yana kallon madubin da ya rage a buhu. Can ya tashi, ya cire takunkumin ya sa a aljihu. Ya ɗauki madubin da gawayi, ya tsaya gaban allo. Ya fara da lafiyayyen idon, ya matsa ya zana ɗayan yadda yake a buɗe, da ruwan da ke zuba daga cikinsa. Da ya zo baki bai gyara komai ba, ya ja layin ya gangara. Sannan ya ƙara kunnuwan.

"Waɗannan dai ciwo bai rage musu komai ba," ya ce.

Dariyar ta fara daga bayan aji, a hankali, sannan aka ji ƙarar gawayi a kan takarda. Ni kuwa sai da na goge ido da bakin mayafi.

Ya hango ni, ya ƙaraso taga.

"Malama, firinsifal ya dawo daga Minna?"

"Tun tuni."

"Takardar fa?"

Na ciro ta daga jaka na miƙa masa. Ya dube ta, ya juya bayanta, fari ne tas. Wani yaro, Taufiq, yana zaune hannu sake don takardun zane ba su kai kansa ba. Malam Amos ya ajiye masa ita a kife.

"Yi a nan," ya ce. "Kada ka juya."