Ranar da Ƙungiyata Ta Tare Motar Kawuna

Shekarun baya can, da na dawo Jibiya daga karatun haɗa magunguna a Indiya, zazzaɓin siyasa ne ya biyo ni gida.

A birnin da na zauna akwai wani jagoran ƙabilar Marathi da ya gina rayuwarsa kan magana guda: aiki da kasuwar jiharsu na 'yan jihar ne, baƙi su bi baya. In ya ce a rufe gari, ko mai shayi ba ya hura wuta. Abokina da muke ɗaki ɗaya ɗan ƙabilarsu ne, shi ya ja ni taron mutumin yana fassara mini. Ni da nake baƙo a garin, har tafi na yi.

Da na dawo, sai na ga rabin masu jigila a tashar bakin iyaka direbobin Maraɗi ne, abokaina kuwa na zaune a inuwa ba aiki. Ranar kasuwa na haye benci na ɗaga murya: "Tashar Jibiya ta 'yan Jibiya ce!"

Kai, ku zo ku ga ihu! Kafin sati biyu matasa na zuwa a kan babura daga Daddara da Gangara don su ji ni. Aka laƙaba mini Jagora. Har tafiyata na canza, na koma taku ɗai-ɗai. Muka kafa doka: duk motar haya da ta fito daga tsallake ta sauke fasinja a iyaka, direbanmu ya ƙarasa da su.

Kwana uku da fara dokar, ina shago sai ga wayar mahaifiyata.

"Kana ina? Kawunka ya ɗauko kakarka daga Maraɗi zai kai ta asibiti Katsina, mutanenka sun tare su tun hantsi!"

Ban san lokacin da na haye babur ba, takalmi ƙafa ɗaya. Na tarar da kakata kwance a kujerar baya, numfashi sama-sama. Ta kasa tashi balle a sauya mata mota. Kawuna, wanda da motar hayar nan yake ci da iyalinsa, yana tsaye cikin rana.

"Barka da isowa, Jagora," in ji shi. "Duwan, kwastan na tsallake, sun bar mu, jami'an Najeriya sun bar mu. Kai kaɗai ka rage."

Kakata ta buɗe ido da ƙyar. "Maigidana, ashe kai ne sarkin hanya?"

Na yi tsawa a janye katakon da suka gitta a hanya. Wani cikin mutanena ya ce, "Jagora, dokar fa?"

Na ce masa, "Kai, ina kakarka take?"

Ya sosa ƙeya. "Ɗan Isa."

Ɗan Isa kuwa a tsallake yake. Wurin ya ɓarke da dariya, shi da kansa ya ɗage katakon. Na faɗa gaban mota, muka kama hanyar Katsina a guje. Kwananta tara a asibiti, Allah ya ba ta lafiya, ta ƙara shekaru tana tsokanata.

Bayan nan muka zauna da direbobin ɓangarorin biyu, aka tsara layi, kowa ya yi lodi in nasa ya zo. Abokaina da dama sun samu aiki a haka, ba a kori kowa ba.

Har yau in na tuna ihun ranar kasuwar nan, zuciyata na bugawa, don daɗinsa ba ƙarya ba ne, kuma kukan matasan gaskiya ne. Amma na gane cewa a garinmu, duk wanda ka nuna da yatsa ka ce baƙo, in ka bincika, gidan wani ɗan'uwanka zai sauka. Kawuna kuwa bai daina ba. Duk zuwansa sai ya tsaya a ƙofar shagona ya danna oda: "Jagora, a ba mu izini mu wuce?"