Hoton da Kawu Ya Saka a Guruf

Ina aji uku a sashen shari'a aka fara sa mu kotun gwaji. Malami zai ƙirƙiro rikici ya raba mu gida biyu, mu yi ta kafa hujja a gaban 'yan ajin ƙarshe, su ne alƙalai. Ranar da aka zo kaina na ari baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi, na ɗora a kan farin hijabina. Hular ta yi mini yawa, tana ta zamowa goshina. Da aka tashi ƙawata ta ɗauke ni hoto, na ce bari in tura wa Inna a Gafasa ta gani ta yi dariya.

Inna ba ta da babbar waya, don haka ta wayar Kawu na tura, ƙaninta da gidansa ke jikin namu. Manomi ne, da rani kuma yana haya da babur tsakanin Gafasa da Gaya. Tun ina firamare yake kirana Barista saboda yawan gardamata. A lokacin yana cikin saɓani da maƙwabcin gonarsa a kan iyaka, wajen wata ɗorawa da kowannensu ke cewa a ɓangarensa take.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan ajinmu, mutumin Kademi, ya tare ni a ƙofar laburare ya miƙo mini wayarsa. Wani guruf ne na 'yan Gaya da Ajingi. Ga hotona, a ƙasa Kawu ya rubuta cewa Baristar gidansu ta karɓi shari'ar gonarsa, mai ja ya same ta a kotu. Mutane sun yi ta sa albarka. Can ƙasa sai ga ɗan maƙwabcin gonar ya rubuta cewa ko makaranta ban gama ba, sojan gona nake yi, kuma zai kai ƙarata wurin hukumar makarantarmu. Wasu har sun kwashi hoton sun kai wasu wuraren.

An sha faɗa mana cewa kafin a rantsar da mutum lauya sai an duba halinsa, kuma ɗalibin da ya nuna kansa a matsayin lauya ya yi babban laifi. Na zauna a benci na rubuta doguwar amsa mai zafi, na karanta, na goge. Daga nan na nufi ofishin malamin da ke koya mana ɗa'ar aikin lauya.

Ya duba wayar, ya gyara tabarau. "Kin kyauta da kika zo da kanki kafin wani ya kawo," in ji shi. "Ki ɗauki hoton duk abin da aka rubuta ki adana. Kada ki shiga cacar baki. Wanda ya saka shi ne zai gyara, a wurin da ya saka. Waye shi?"

"Kawuna ne, Malam."

Ya yi murmushi. "To, wannan ya fi ƙarfin littafi. Ki je gida."

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Gaya. Kawu da kansa ya zo ɗaukata a tasha, yana nuna ni wa 'yan'uwansa masu babur, yana cewa ga ta nan a fili. Sai da muka ci tuwo, muna zaune a inuwar rumfa tare da Inna, sannan na fara.

"Kawu, hoton nan da ka saka, akwai matsala a cikinsa."

"Bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau. Amma rigar aro ce, kotun ma ta gwaji ce. Idan makaranta ta yarda cewa ni na ce ni lauya ce, za a iya hana ni zama lauyar gaba ɗaya."

Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. Fuskarsa ta canza yadda ban taɓa gani ba. "Wato ni ne zan ɓata miki karatu?"

"Ba da nufi ba, Kawu. Na san murna ce."

"Murna da tsoratarwa," in ji Inna, ba ta ko ɗago daga gyaɗar da take ɓarewa ba. "So kake maƙwabcinka ya ji tsoro, ka ɗauki 'yata ka yi sanda da ita."

Kawu bai musa ba. Ya ciro wayar ya ce bari ya goge. Na ce masa gogewa kaɗai ba za ta wadatar ba, don hoton ya riga ya fita daga hannunsa, waɗanda suka ga maganar farko ya kamata su ji gyaran. Ya ce rubutu na ba shi wahala, zai yi da murya. Ya yi ta ɗauka muna gogewa, domin da ya fara sai ya zarce kan ɗorawa da wanda kakansa ya dasa ta. Inna ta yi dariya har da hawaye. A ƙarshe ya nutsu ya tura wa guruf ɗin saƙon murya, ya ce: "Assalamu alaikum jama'a. Hoton da na saka, yarinyar ɗaliba ce, ba ta zama lauya ba tukuna. Ba ta san na saka ba, ba ta kuma karɓi shari'ata ba. Kuskurena ne. A taya ta da addu'a."

Da la'asar na roƙi Inna ta raka ni gidan maƙwabcin gonar. Dattijo ne, asalin iyayensa daga Barno, amma a nan aka haife shi. Ashe bai ma san abin da ke faruwa ba. Ya sa aka kira ɗan nasa, ya saurari saƙon Kawu a gabanmu. Saurayin ya ce shi ɓacin rai ne ya sa shi, ya ɗauka da gaske za a ja mahaifinsa kotu. A nan take ya goge abin da ya rubuta, ya kuma rubuta cewa an fahimci juna.

"Ki je ki yi karatunki, 'yata," in ji dattijon. "Maganar gona tamu ce, mu manya."

Haka kuwa aka yi. Bayan kaka suka je wurin mai unguwa aka gyara iyakar, ban ma san yadda aka raba ba. Ƙara kuwa ba wanda ya kai makaranta.

A hutun da ya biyo baya wata mata daga unguwarmu ta shigo ta same ni ina wanki. An saka bidiyon bikin 'yarta a wani shafi ba da izininsu ba, mutane suna ta sharhi a kan yarinyar. Na fara da gaya mata cewa ni ɗaliba ce har yanzu. Sannan na goge hannuna, na nuna mata yadda za ta adana shaida da yadda ake neman a sauke abu daga shafi, na kuma ce idan mai shafin ya ƙi, akwai lauyoyi a Gaya. Kafin hutun ya ƙare aka sauke bidiyon. Ta aiko mini da ƙwaryar fura, muka sha da Inna.