Altine Mai Yoyo

A Andarai, idan aka ce Altine sai a tambaya wace, amma idan aka ce Mai Yoyo ko akuya ta san gidan. Matar Kalilu maƙeri ce, kuma maginiyar tukwane tun tana budurwa. Sunan ya samo asali ne daga hannunta. Uwarta ta koya mata zuba ƙaiƙayin shinkafa cikin yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta, ita kuwa sai ta riƙa zuba shi kamar gadonsa ta ci. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, ta bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tukunya ta yi ta zufa har ta jiƙa ƙasa. A kasuwar Maiyama mata kan ɗaga tulunta su ce, "Altine, wanga tulu na ko rariya?" Ita kuma ta ce, "Aje min abina. Ke ma kina yoyo ta baki, kuma mijinki bai maishe ki ba."

Haka ta rayu, ba ta yi arziki ba, ba ta kuma roƙi kowa ba, har lokacin da aka raba Kebbi da Sakkwato. Shekarun nan ne albasa ta haukata maza. Kowa ya ga abin da mutanen Aliero ke samu, kowa ya nemi injin ban ruwa da tankin feshi na goyo. Su dawo daga fadama, su tsaya bakin rijiyar gari su ɗauraye tankin, ruwan ɗaurayar ya bi gefen rijiya ya koma inda ya fito. Cikin masu wannan aikin har da Surajo, mijin 'yarta ta fari, A'i. Ba a daɗe ba ruwa ya soma warin maganin ƙwari, yara suna amai, manya suna ciwon kai, ana ta ɗora wa iska laifi.

A'i kuwa ga ciki ya tsufa, an kawo ta gida haihuwar fari. Altine ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun da ta haife ta, kunyar ɗan fari. "Ke" take ce mata, ko "waccan". Amma duk sanda A'i ta kai moɗa baki ta yamutsa fuska, sai Altine ta karɓe moɗar ta shinshina.

Ana haka duba-gari ya zo daga Maiyama, wani dogo mai suna Ayuba. Ya shinshina guga, ya yi wa maza faɗa, suka ce to, ya juya baya suka ci gaba. Da ya biyo ta maƙera ya ga tulin gawayin kirya, sai ya tsaya. Ya ce da Altine gawayi yana da ƙofofi a jikinsa fiye da gidan tururuwa, kuma idan ruwa ya ratsa shi a hankali, yakan kama wani abu daga cikin dafin ya riƙe. Matsalar dai abin da zai sa ruwan ya ratsa a hankali.

Altine ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kana neman abin da ka yoyo a hankali, kuma kana tsaye gidan Mai Yoyo?"

Ranar suka haɗa shi tare. Ta daka gawayi a turmi ta wanke, ta zuba cikin tukunyar da aka fi yi wa dariya, ta rufe da yashin gulbi, ta ɗora a bakin randa. Ruwa ya riƙa ɗiga kamar hawayen wanda ba ya son a gani. Da ta ɗanɗana, warin ya tafi. Ayuba ya ja mata kunne a kan abu biyu. Ba duka dafin yake kamawa ba, gyaran gaskiya a bakin rijiya yake. Sannan gawayi yakan ƙoshi. Idan wari ya soma dawowa, a kwashe shi a binne nesa da ruwa, a sa sabo.

Na farkon ta ji. Na biyun ne ya tsaya mata a wuya. Matar maƙeri ta binne gawayin kirya? Ta san yadda Kalilu ke shiga daji ya sare, ya ƙone, ya ɗauko a ka. A gidan maƙera ko ɗan guntun da ya faɗi ƙasa tsince shi ake yi. Don haka duk wanda ta kwashe sai ta zube shi bayan rumbu, ta ce sai ta yi shawara. Tulin ya yi ta girma, rana ta busar da shi, ya yi kyau kamar sabo.

A'i ta haifi 'ya mace, aka sa mata Munira. Ƙanwar Kalilu, Gwaggo Mairo, ta zo daga Liba don wankan jego. Mairo mace ce da ba ta iya ganin abu a ajiye. Wata safiya bayan wanka, Altine na can wajen ramin yumɓu, Mairo ta ga gawayi bayan rumbu, ta ce wannan wace irin almubazzara ce. Ta cika kasko, ta hura, ta tura ƙarƙashin gadon ƙasa don mai jego ta gasu, ta sauke asabari ta toshe ƙofa da zane kada iska ta shiga.

Tun daga zaure Altine ta ji warin. Ba warin wuta ba ne, warin bakin rijiya ne. Ta yar da yumɓun da ke kanta.

"Mairo, wane gawayi kika hura?"

"Wanda kika bari yana lalacewa mana. Ke dai ba ki san tattali ba, Yaya."

Altine ta fizge zanen ƙofa. Ɗakin ya cika da wani hayaƙi mai ɗaci. A'i na kwance, kanta ya karkace, yawu na bin kumatunta, jaririya a gefenta ba motsi. Altine ta suri jaririyar ta miƙa wa Mairo, ta kama 'yarta ta hammata ta ja ta har tsakar gida. Ta yayyafa mata ruwa, shiru. Ta girgiza ta, ta ce "ke", ta sake cewa "ke", shiru. Sai ta sa baki a kunnenta.

"A'i. A'i, ɗiyata, tashi."

Jaririyar ce ta fara tsanyara kuka. Can A'i ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe ido ta dubi uwarta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Inna, ashe kin san sunana."

"Rufe min baki," in ji Altine. "Ban ce komi ba."

Aka kai su asibiti a Jega a bayan motar albasa, suka kwana biyu suka dawo lafiya. Ayuba ya ce ko gawayi mai kyau aka rufe wa ɗaki haka yana iya kisa, balle wanda ya sha dafi ya ƙoshi. Mairo ta so ta ɗauki laifin duka, Altine ta hana. "Ke kin hura, ni na aje. Kowa ta riƙe nata."

Washegari ta sa Kalilu ya ɗauko galma. Ya tsaya kan tulin gawayin yana kallo kamar za a binne ɗan'uwansa. Suka haƙa rami can kan tudu, bayan gari, suka zuba shi duka. Daga nan ba gida ta koma ba, bakin rijiya ta wuce ta zauna. Surajo ne ya fara zuwa da tanki a baya. Suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana ido da ido, don haka rijiyar ta fuskanta.

"Rijiya, gaya wa mai albasa, ɗiyarshi ta kusa tafiya kwanan ga. In yana son wanke tanki, ga randar gidan uwarshi can."

Surajo ya sunkuyar da kai ya juya. Ya haƙa ramin ɗauraya a ƙarshen gonarsa, sauran maza suka bi, wasu don hankali, wasu don tsoron bakin Altine. Damina biyu ta wuce kafin rijiyar ta daina wari. Kafin nan kusan kowane gida na da tukunya mai yoyo a bakin randa, har da gidajen masu cewa rariya, kuma Altine ba ta ba kowa sai ta maimaita mata zancen binne gawayin da ya ƙoshi a rami.

Altine ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Mu da muka sha ruwan tukunyarta, yaranmu suka tashi da ƙafafunsu, ba mu da abin biya sai addu'a. Munira ce ke ginin tukwane yanzu a gidan. Ita ma hannunta nauyi gare shi wajen ƙaiƙayi, kuma ba wanda ya ce ta rage.