Oba-oba a Hammata

A shekarun da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta tare a Abuja, ni ke tuƙa wata a-kori-kura mai ruwan ɗorawa a filin jirgi. Aikina duba titin da jirage ke sauka. In tsince dutse ko guntun ƙarfe, in kori tsuntsaye, sannan in shaida wa hasumiya cewa hanya fes take. Karatuna bai wuce firamare ba, amma an koya mini 'yan kalmomin Turancin aikin, aka damƙa mini oba-oba, rediyon hannu na magana da hasumiya. Cikin direbobi ni kaɗai ke da ita. Allah ya yafe mini, ko wurin mai shayi zan je sai na rataya ta a ƙugu, don dai a san ni ne.

Kafin ƙaura, jirgi kan sauka da safe, mu wuni hira kafin mu ji ƙugin wani. Da aka tare sai sama ta koma tasha ranar kasuwa. Wannan na sauka, wancan na jiran tashi, wani na shawagi. Layin magana kuwa ɗaya ne, da matuƙa da hasumiya da ni. In mutum ya danne maɓalli, sauran ba sa jin juna har sai ya saki.

To, ni ban iya tunkarar mutum babu gaisuwa ba, haka aka rene ni a Zariya. A hasumiya akwai wata ma'aikaciya da aka turo daga Legas, muna ce mata Madam. Ita ke ba jirage izinin sauka. Duk safiya in na kira sai na fara tambayar kwananta da gajiyarta, ita kuma ta katse ni da Hausarta ta kasuwa:

"Direba, layi ba na babanka ba ne. Faɗi magana, sauka."

Na ɗauka rashin tarbiyya ne irin na mutanen birni. Ogan direbobi, wani dattijo Bakano, ya ja ni gefe ya ce in ta sake kawo ƙarata, oba-oba ta bar hannuna ke nan. Ni dai ban yarda ina da laifi ba.

Wata safiya da damina, ruwa ya kayar da shingen waya can ƙarshen fili. Madam ta hango shanu suna kiwo kusa da titi, ta ce in je in kore su, akwai jirgi tafe. Na ajiye mota a ciyawa na sauka. Mai shanun tsoho ne, gemu fari fat, ya dogara da sandarsa yana kallona. Irin wannan ba a ce masa "kau da shanunka" daga nesa. Sai na cusa oba-oba a hammata, na matse ta, na miƙa masa hannu biyu.

"Barka da hantsi, Baffa. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya ruwa? Ya mutanen ruga?"

Ya tambayi iyalina, na tambayi nasa. Na tambayi shanu. Ya ce lafiyarsu ƙalau, sai wata karsana da ke ɗingishi tun shekaranjiya. Ni kuwa da ban taɓa kiwon ko akuya ba, na shiga ba shi shawarar magani. Muna cikin haka jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa, ƙafafunsa a waje, sai kuma ya yi ruri ya sake cirawa sama. Baffa ya bi shi da kallo.

"Wannan baƙo ne? Bai ga masauki ba?"

Na yi dariya na ce sabon direba ne. Sai da tsohon ya kaɗa shanunsa waje sannan na ga motar 'yan kwana-kwana ta nufo ni a guje. Wani ya diro, ko sallama babu, ya zare oba-oba daga hammatata. Ashe tun musabahar farko maɓallin a danne yake.

A ofishin oga na tarar da Madam, da kyaftin ɗin jirgin, wani dogo Bakatsine. Madam ta ce ta yi ta kiran jirgin layi a toshe, sai da ta haska masa jar fitila. Kyaftin ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne likitan shanu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ina neman izinin sauka, ana tambayar mutanen ruga. Bayana jirage biyu suna ƙona mai. Cikin fasinjoji akwai wata tsohuwa da ta fara kalmar shahada. Kuma wai ni ne sabon direba."

 Ban taɓa kawo wa raina cewa bayan kowace murya a layin nan akwai mutane zaune da 'ya'yansu a cinya ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na juya na ba Madam, wadda na daɗe ina zagi a zuci. Kyaftin ya ɗauki hularsa, ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Maganin da ka ba shi ma ba daidai ba ne. Karsana mai ɗingishi, kofato ake fara dubawa."

Madam ta fashe da dariya har tana riƙe teburi. Na ɗan sa rai dariyar za ta cece ni. Oga ya buɗe durowa ya saka oba-oba, ya rufe. Ya ce daga gobe in koma bas ɗin da ke kwaso fasinjoji daga gindin jirgi zuwa zaure, a can babu layin da zan toshe.

Hukuncin ya yi daidai, ban ɗaukaka ƙara ba. A wannan bas ɗin na yi sauran aikina har na yi ritaya, ƙuguna babu komai sai makullin mota.