Aiken da Na Yi Kona

Shekarar da Malam, maigidana, ya faɗo daga kan rumbu, ƙafa ce kawai ta karye. Maɗori ya zo ya ɗaure, kafin azahar mutumin nan har yana neman fura. Abin da ya dame ni yayarsa da ke Kona, tsohuwa mai hawan jini, wadda ta goye shi. Dole a gaya mata kafin ta ji a bakin kasuwa.

Gwiwa ta hana ni tafiya, sai na kira jikata da ke lise, babbar sakandare, a Tasawa, ta zo hutu. Na ce, "Ki yi sallama, ki zauna, ki sha ruwa. Ki gaida kowa har awaki. Sannan ki ce ƙanenta yana gaishe ta, ya ɗan ji ciwo, da sauƙi."

"Kaka, ni za ki koya wa magana?"

Ta hau kabu-kabu ta tafi.

Ba ta zauna ba. Surukar gidan ce ta ba ni labari daga baya. Daga bakin zaure, ko takalmi ba ta cire ba, ta fara: irin tsawon rumbun, irin ƙarar faɗuwar, irin mutanen da suka cika gida har sai da aka rasa wurin tsayawa. Wa ya faɗo, yana da rai, duk ta bar su can baya. Tsohuwa ta ji rumbu, ta ji taro, ta yi salati ta zube kan turmi.

Da yarinyar ta dawo na tsare ta a madafa.

"Mi na ce miki?"

Wai mushen da ke koya musu Ingilishi ya ce idan abu ya kai, girmansa ake sawa gaba, mai abin ya biyo baya, ƙarshe a faɗi abin da ya haifar. Haka mai sauraro ke jin nauyinsa. Wai har maki ta ci a kai.

"To ta ji nauyin," na ce. "Tashi ki ba ni wuri."

Na tofar da goron bakina. Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban hana kowa ba. Amma a ce yarinya ta iya jera magana don ta burge, ba ta iya duban fuskar wadda take gaya wa ba? Tir.

Tsohuwa ta farfaɗo da baki a karkace, hannu ɗaya a shanye. An kira waya ta ji muryar Malam, ta ce ƙarya ne, waya tana riƙe muryar matattu. Ta ƙi ci, ta ƙi magani, wai tana zaman makoki.

Haka muka shimfiɗa katifa a amalanke, muka ɗora Malam da ɗaurinsa, ni ma na hau da gwiwar tawa. Duk ramin da jaki ya faɗa sai Malam ya yi ƙara, yashi kuwa har gindin taya. Da muka isa tsohuwa ta shafa gemunsa da hannun da ya rage mata, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce a kawo mata kunu.